Inda Za a Ajiye Jakar Lantana

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Kai kuma mai danna waya, sa ta a aljihu, ba za ta gudu ba. Labarin da zan ba ku ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshe ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke. Duk wanda ya san gyangyaɗi ya zo yi, ya tashi tun yanzu.

An yi wata tsohuwa mai suna Lantana. Mijinta manomin lambu ne a bakin dam, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Ɗan farinta Haladu direban motar kaya ne, yana nan garinsu. Mai bi masa Suwaiba tana aure a birni, tana aiki a asibitin haihuwa, ita ce mai yi wa masu ciki hoto. Sai auta Nafi'u, mai walda, yana haya a wani gari can gefe. Da Lantana ta fita takaba 'ya'yan suka yi ta ja-in-ja a kan wanda zai ɗauke ta, sai ta raba musu gardama da kanta. Lokacin sanyi tana gidan Haladu, bazara tana wurin Suwaiba, damina kuma ta je ta dafa wa auta tuwo. Haka ta yi ta zagaye shekara da shekaru.

Duk inda za ta, akwai wata koriyar jaka da ba ta rabuwa da ita. Likkafaninta ne a ciki, farin yadi da wata ƙawarta ta kawo mata daga Makka an wanke shi da zamzam, sai ɗan turare da sabulu. In jikoki suka tsokane ta suka ce su gani, sai ta buge musu hannu ta ce, "Kayan ɗakina ne na ƙarshe, ba na wasan yara ba." Ku riƙe zancen jakar nan, za mu dawo kanta.

To ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, tunda na ga har sumbatarsu kuke yi a gaban mutane. Lantana irin matan dā ce. Tun da aka yaye Haladu kakarsa ta ɗauke shi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "mai motar nan". Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da saƙo sai ta bi ta bakin matarsa. Kada ku ce ƙi ne. Wallahi a gidan nan babu wanda ya kai ta sanin ƙarar motarsa. In ya daɗe a hanya tuwo ba ya wuce mata maƙogwaro, amma da ta ji sallamarsa sai ta juya fuska bango kamar ba ta san ya fita ba. Haka aka koya mata, haka ta ga uwarta ta yi.

Wata rana cikin kakar tumatir, tana gidan Haladu, ta idar da sallar asuba ke nan sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Nauyin ya bi hannunta na hagu, ya hau haɓa. Ana sanyi amma gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Da a ɗakin auta take, da tuni ta cika unguwa da kira. Amma a nan fa? Tana jin Haladu a tsakar gida yana alwala, tana jin sa yana ɗuma injin mota, ta buɗe baki ta rufe. Ta yaya za ta dubi ɗan fari ta ce masa ƙirjina? Da surukarta ta kawo koko ta ga yanayinta, abin da ta iya cewa shi ne, "Cikina ne ya ɗan murɗa." Surukar ta jiƙa mata kanwa. Haladu ya tafi lambu lodi bai san komai ba, ita kuwa ta kwanta tana juyi har rana ta take.

Al'adarsa ce in ya gama lodi, kafin ya ɗau hanyar kasuwa, ya biyo gida ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce zai tafi. Ita kuma daga bayan labule ta ce Allah ya tsare, shi ke nan. Ran nan ya durƙusa ya yi sallama, ya ji shiru. Can sai ya ji murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Haladu."

Mutumin nan ya doshi hamsin bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Bai tambayi me ya faru ba. Ya yaye labule, ya gan ta, ya sunkuya ya ɗauke ta cak, rabon da jikinsa ya taɓa nata tun yana shan nono. Matarsa ta ce a kira mai kemis. Maƙwabci ya ce ga ƙaramin asibitin gari nan kusa. Bai ko kalle su ba, domin ya taɓa ɗaukar wani abokin aikinsa da irin wannan gumi da irin wannan riƙe hannu, aka ɓata yini ana ƙarin ruwa a ƙaramin asibiti, kafin a kai birni rai ya yi halinsa. Ya sa ta a gaban mota. Ta ce, "Jakata." Aka ɗora mata a cinya.

Motar tana cike da kwandunan tumatir na mutane, dillalai suna jira a kasuwa. Da ya iso mararrabar kasuwa bai ko rage gudu ba. Ubangidansa mai motar ya yi ta kira, waya tana ta kuka a aljihu, Suwaiba kaɗai ya kira ya ce ta same su a babban asibiti. Lantana tana jingine da ƙofa, numfashi yana yanke mata, ta saci kallonsa. A ranar ta san ɗanta ya yi furfura a gefen kai, don ba ta taɓa kallonsa tsawon da za ta gani ba. Tumatir kuwa ya kwana biyu a rana a ƙofar asibiti, ruwansa yana ɗiga a kwalta, ƙudaje suna bi. Ubangidan nasa ya aiko aka karɓi makulli, kuma tun daga nan babu wanda ya sake ba Haladu amanar kaya.

Wannan shi ne abin da ɗan fari ya yi. Saura biyu.

A asibiti aka kwantar da ita, aka manna mata wayoyi a ƙirji. Likitan zuciya, wani siriri mai sanyin magana, ya ja Haladu da Suwaiba gefe, amma labule ne kawai tsakaninsu da ita, tana jin komai. Ya ce jijiyar da take shayar da zuciyarta jini ce ta toshe tun safe, yanzu za su zura siririn bututu ta wuyan hannu su buɗe ta. Haladu ya ce alhamdu lillahi. Likita ya ce ya dakata, da sauran magana. Ya ce naman zuciyar da ya yini da ƙishirwa, in jini ya dawo masa gaba ɗaya, dawowar ma tana yi masa ɓarna, kamar shukar da ta yi yaushi a sako mata ruwa da ƙarfi da tsakar rana. Lantana matar mai lambu ce, wannan kam ta gane shi sarai. Ta sha ganin mijinta yana zagin yaran da suka yi masa haka.

Likita ya ce suna da wata dabara da suke gwadawa. Bayan an buɗe jijiyar, sai a sa wa mutum wani ruwan allura mai ƙananan kumfa da ido ba ya gani, a ɗora masa na'urar nan mai aika sautin da kunne ba ya ji, sautin ya riƙa girgiza kumfar a cikin ƙananan hanyoyin jini don kada su cushe, ko naman da bai riga ya mutu ba ya tsira. Ni ba likita ba ne, yadda aka ba ni haka nake ba ku. Amma ya faɗa musu gaskiya, ya ce abin gwaji ne, bai zama magani na kowa da kowa ba, ba zai yi alkawari ba, kuma ba a yi sai da yarda. Aka tambayi Lantana, ta ce abin da 'ya'yanta suka ce.

Haladu ya ce, "Gwaji? A kan uwata? Ku buɗe jijiyar, sauran a bar wa Allah." Ya kira kawunnansu a waya, duk suka goya masa baya.

Suwaiba fa tun tana yarinya ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi yayanta ba, shi ne ma ya ba da aurenta. Amma ta yi shekara da shekaru tana ɗora irin na'urar nan a kan cikin mata, ta san ba ta yanka, ba ta ƙuna. Ko za ta yi wa zuciya amfani, wannan ba ta sani ba, kuma ba ta yi ƙaryar ta sani ba. Abin da ta sani shi ne ta ga takardar gwajin zuciyar, ta ga fuskar likita lokacin da yake dubawa. Lantana ta ji muryar 'yarta ta bayan labule.

"Yaya, ka yi haƙuri. Yau kam ba zan bi ka ba."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai ka kawo ta, Allah ya saka maka. Amma in an tsaya inda ka ce, ba na jin za mu koma da ita."

Ya ce, "To ki ji da kyau. In wani abu ya same ta, ke ce."

Ta ce, "Na ji, na ɗauka." Ta karɓi alƙalami ta sa hannu. Tun daga wannan rana in ta gaishe shi ba ya amsawa. Magana ta zagaya dangi cewa Suwaiba ta ba da uwarta a koyi aiki a kanta don ta burge likitoci, har bikin 'yar kawunsu aka yi ba a aika mata goro ba. Abin ya ci ta ƙwarai, ta rame.

Aka shiga da Lantana, aka buɗe jijiya. Nan take ta ji an sauke mata turmin nan daga ƙirji. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce a ranta an gama, sai gida. Sai ga shi an turo wata na'ura mai allo. Tana ganinta ta gane ta, irin wadda take ɗakin aikin Suwaiba ce, wadda masu ciki suke layi a kanta. Haba! Tsohuwa mai jikoki, wadda ta binne miji, a kwantar da ita a na'urar masu ciki, a buɗe mata ƙirji, ga namiji a tsaye, ga ɗan farinta a bayan ƙofa? Kuma ciwon ma ya tafi. Ta ja zane ta rufe jikinta har wuya, ta ce ba da ita ba. Likita ya ce Mama, yanzu ne ɓarnar take faruwa, kina jin sauƙi ne amma a ciki ana asara. Ta ce in mutuwa ce jakarta tana nan kusa. Suwaiba ta durƙusa tana kuka, tsohuwa ta ce mata tashi ki ba ni wuri. Likita ya ce shi ba zai yi wa mai hankali dole ba, sa hannun 'ya ba ya shafe a'a ɗin uwa, kuma lokacin da abin zai yi amfani ba shi da tsawo.

Ina auta? Nafi'u ya daɗe yana neman aikin walda a wata ƙasar Larabawa. Ya sayar da injinsa, ya yi ta zarya, sai a wannan shekara abin ya faɗa. Kuma a ranar ne jirginsu zai tashi. Yana cikin layi a filin jirgin birnin Suwaiba ta kira shi, lokacin da aka shiga da tsohuwar. Ya fita daga layi ya hau babur. Ya faɗo ɗakin da jakar tafiyarsa a kafaɗa, daidai lokacin da Lantana take neman takalminta.

"Kai kuma me ya kawo ka? Jirgin fa?"

"Yana nan, Inna, bai tashi ba tukuna."

"To maza koma."

Ya ajiye jaka, ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Ba inda za ni sai an sa miki abin nan. Ko dai tsoro kike ji a gano kin yi mini ƙane, a ƙwace mini autanci?"

A duniya shi kaɗai ne zai gaya mata haka ya kwana lafiya. Ta ɗaga hannu za ta make shi, dariya ta kusa kuɓuce mata, sai hawaye suka zo a maimakonta. Ta san taurin kansa, nata ne ya ɗauko. Ta lissafa a ranta, in ta yarda aka yi maza aka gama, yaron nan zai samu jirginsa. Don haka ta kwanta, ba don ranta ba. Suwaiba ta riƙe zane ta kare ta, wata ma'aikaciya mace ta shafa mata wani mai mai sanyi da yauƙi kamar kuɓewa, ta ɗora kan na'urar a ƙarƙashin nononta na hagu, likita ya tsaya can yana kallon allo. Aka ce kada ta motsa. Nafi'u yana riƙe da hannunta, da ya zare nasa zai fita sai jikinta ya ɗau rawa hoton ya ɓace, sai ya juya fuskarsa bango ya bar mata hannun, yana ba ta labarin wani maƙwabcinsa da akuya ta cinye wa takardar haya.

Abin bai yi sauri yadda ta zata ba. Ba ta ji sautin komai ba, sai sanyin man nan da bugun zuciyarta. Can ta ji rugugin jirgi ya bi ta saman asibitin. Ta ce, "Naka ne?" Ya ce, "A'a Inna, wannan na Legas ne." Nasa ne. Masu aikin ba su jira shi ba, suka ba wani gurbinsa. Ya koma garin da yake haya ba inji, ba aiki, yana yi wa yaran da ya koya wa sana'a aikin yini.

To Lantana ta rayu. Amma kada ku yi saurin murna. Ranar da za a sallame ta likita ya tara su ya ce naman da ya mutu tun daga asuba zuwa lokacin da aka kawo ta ya mutu ke nan, babu na'urar da za ta dawo da shi. Abin da ya rage zai riƙe ta, amma da lallaɓawa, kamar tulu mai tsaga. Babu sauran hawa mota daga gari zuwa gari. Ta zaɓi wuri ɗaya ta zauna. Ya rage murya ya ce ba zai ɓoye musu ba, ba shekaru masu yawa yake hange ba. Nafi'u ya tambaye shi wane ne ya cece ta. Ya ce Allah ne. Da aka matsa masa ya ce da an fara kai ta wani wuri, da ba ta iso da rai ba balle ya buɗe jijiyar, kuma a ganinsa da ba a sa mata sautin nan ba da wuya ta fita da ƙafarta, ko da yake abu ne na gwaji, ba zai rantse ba.

Lantana ta ji zancen asuba, ta sunkuyar da kai. Ita kaɗai ta san abin da ya rufe mata baki a safiyar nan. Amma ko a ranar, da ta so a miƙo mata mayafinta da yake hannun Haladu, Suwaiba ta taɓa ta ce, "Ce wa mai motar nan ya kawo." Ga shi ko motar ma babu. Yana tsaye yana ji.

Aka turo ta a keke zuwa baranda, aka ajiye koriyar jakar a ƙasa a gabanta. Kowa a cikinsu ya san gidan da jakar nan ta shiga, daga nan za a fito da gawar uwarsu, kuma mai gidan shi zai ji kalmarta ta ƙarshe. Babu wanda yake son ya bar wa wani.

Haladu bai dube ta ba, ƙasa ya duba. Ya ce shi ne babba, a gidansa ciwon ya same ta, yana so ya gyara abin da ya ɓaci a hannunsa. Ya ƙara da cewa sau ɗaya tak ya taɓa jin sunansa a bakinta, kuma yana roƙon Allah ya ƙara ji ko da sau ɗaya ne. Suwaiba ta ce gidanta ne kusa da asibiti, ita ta san magungunan, kuma tunda an ce in wani abu ya faru ita ce, to a bar ta ta ɗauki kayanta har ƙarshe. Nafi'u bai yi dogon bayani ba. Ya ce shi ba shi da mata, ba shi da komai yanzu sai ita, kuma shi kaɗai ne in ta ji ciwo za ta gaya wa.

Tsohuwa ta dube su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba ta saba duba ba. In ta bi Haladu, ta koma gidan da ba ta iya cewa wayyo. In ta bi Suwaiba, ta mutu a gidan suruki, dangi su samu abin faɗa, gabar da take tsakanin wa da ƙanwa ta zauna daram. In ta bi auta, ɗaki ɗaya ne na haya, nesa da likita, ga yaro yana fita tun safe neman abin da za su ci. Kuma duk wanda ta bi, ta san biyu za su koma gida da abin da ba zai bar zuciyarsu ba har su ma su tsufa. Baƙin ciki ya cika ta, ta ce da ta san haka za a ƙare da ba ta kira sunan kowa ba ran nan. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ƙi zaɓar kowa. La'asar ta yi, masu shara suna zagaye su, jaka tana nan a ƙasa babu wanda ya isa ya sunkuya.

Na kawo ku inda zan tsaya. Kada wani ya ce mini a ci gaba da zagaye, likita ya hana. Kada kuma a ce su haɗu gida ɗaya, biyu ma ba sa gaisawa. Da Haladu bai gane kiran nan ya wuce kasuwa ba, da ba ta iso ba. Da Suwaiba ba ta saɓa wa yayanta ba, da ba a turo na'urar ba. Da Nafi'u ya hau jirginsa, da ta sa takalminta ta fita.

To, a cikin su ukun nan, wa ya fi cancanta ya sunkuya ya ɗauki jakar Lantana?